Wasan Faɗa Ba Lissafi, Ɗan'uwan Caca Ne



An daɗe ana jayayya a unguwanninmu a kan gidajen gem. Iyaye da malamai na cewa wuraren nan matattarar zaman banza ce, inda yaro ke zubar da kuɗin kokonsa ya koma gida da jajayen idanu. Samari kuma, idan aka tambaye su yadda wane ya doke wane a Tekken ko Mortal Kombat, amsarsu ba ta wuce biyu: ko dai hannunsa ya fi sauri, ko kuma ranarsa ce. Kowane ɓangare na ganin ya yi hannun riga da ɗaya. Mu kuwa muna ganin bakinsu ɗaya ba su sani ba, domin duka biyun sun yarda cewa babu ilimi a cikin abin. Dattijo ya raina wasan saboda yana zaton ba a koyon komai a cikinsa, yaro kuma ya gaskata dattijon da aikinsa, tunda shekara uku yana buga wasan bai taɓa tsayawa ya koyi komai ba. Wannan zaton muke so mu rushe, kuma da lambobi za mu rushe shi.

Abin da ido ke gani a talabijin kamar motsi, hotuna ne ke bin juna da sauri. A wasannin faɗa na zamani injin yana zana hoto 60 a kowace daƙiƙa, kuma kowane ɗaya daga cikin hotunan nan shi ake kira firem. Duk naushi da duk shuri da ke cikin wasan an ƙayyade masa adadin firem ɗinsa tun daga kamfanin da ya ƙera shi, ba ya ƙaruwa don mai bugawa ya fusata, ba ya raguwa don ya danna da ƙarfi. Kowane duka yana da gaɓoɓi uku. Da farko yunƙuri, lokacin da hannu ya tashi bai kai ga jikin abokin karawa ba. Sai sauka, ɗan taƙin da dukan ke iya taɓa mutum. Sannan janyewa, lokacin da hannu ke komawa mazauninsa, mai shi ba ya iya kai wani duka, ba ya iya kare kansa.

Yanzu a ɗauka ka kai duka, abokin karawarka ya tare. Na ɗan lokaci ku biyun a ɗaure kuke: kai kana janye hannu, shi yana farfaɗowa daga girgizar tarewa. Tambayar da wasan duka ya rataya a kanta ita ce: wa zai riga kwancewa? Idan ka riga shi da firem 2, kana da ribar 2. Idan ya riga ka da firem 12, ana bin ka bashin 12. Magabata sun ce wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma injin nan bai san wata doka da ta wuce wannan ba.

Ga yadda abin yake a aikace. A Tekken, naushin da ya fi kowane sauri ga yawancin jarumai yana ɗaukar firem 10 kafin ya sauka, wato kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. Saboda haka duk dukan da ya bar mai shi da bashin 9 ko ƙasa da haka, ya tsira, zai iya ɗaga kariya kafin ramuwa ta iso. Wanda ya bar shi da bashin 10 kuwa, ramuwa ta wajaba a kansa, ko ya danna me. Idan bashin ya kai 15, akwai dukan da ke cilla mutum sama, a bi shi da jerin duka tun kafin ya taɓa ƙasa, a kwashe masa kaso mai tsoka na ransa. Yawancin manyan taɗiyar nan da yara ke ƙauna suna cikin wannan aji: idan sun shiga a yi ihu, idan an tare su mai su ya shiga uku, da a ce wanda ya tare ya san haƙƙinsa. A Street Fighter 6 dukan da ya fi sauri firem 4 ne, don haka iyakar tsira bashin 3 ce. Shoryuken, naushin nan mai tashi sama da kowa ya san Ryu da Ken da shi, idan an tare shi yana barin mai shi da bashin da ya haura 20. Duk wanda ya tare Shoryuken ya tsaya yana kallo, kamar mai kanti ne da aka kawo masa kuɗin da yake bi ya ce a mayar.

Babu uwar da ke sayar da gero ko wake a Malam Atta da za ta auna olonka goma ba ta san nawa ta sayo buhun ba. Ba ta buƙatar takarda kafin ta san inda riba ta tsaya da inda uwar kuɗi ta fara zubewa. Kakanninmu fataken Gwanja da suka riƙa tahowa daga Kano da Katsina zuwa Salaga, goro ɗari suke ƙirgawa su kira shi ƙwarya, kuma wanda bai iya ƙirga ba ba ya kai shekara biyu a hanya. Abin kunya ne a ce jikokin waɗannan mutane su zauna gaban abin da aka gina shi kacokan a kan ƙidaya, su ce sa'a ce.

Sai batun saurin hannu, wanda samari suka mayar abin alfahari. Mutum mai lafiya, idan yana jiran alama ɗaya tak, yakan ɗauki kimanin rubu'in daƙiƙa tsakanin ganin abu da motsa yatsa. Rubu'in daƙiƙa firem 15 ne. A tsakiyar faɗa, inda hankali ya rabu gida huɗu, lokacin ya fi haka. To naushi mai firem 10 fa, balle mai 4? Babu ɗan Adam da ke ganinsa ya tare, ko a Tokyo ko a Nima. Gwanin da kake gani kamar aljani yana tare komai, ya riga ya san cewa bayan dukan da ya kai ana bin sa bashi, sai ya riƙe kariya tun kafin ka motsa. Ya san kuma lokacin da riba ke hannunsa, sai ya sake kai duka, kai kuma ka danna naka a kan bashi, nasa ya riga sauka. Abin da ake iya gani a mayar wa martani shi ne duka mai nauyi, irin Drive Impact na Street Fighter 6 da ke ɗaukar firem 26. Wanda ya san wannan bambanci ya san inda zai sa ido da inda zai sa tunani. Wanda bai sani ba yana nan tun zamanin Tekken 3, ya ɗauki Eddy Gordo yana murza maɓallan ƙafa biyu kamar mai dama fura, yana cin ƙannensa, yana shan kashi a hannun duk baƙon da ya shigo.

Idan ya sha kashin kuma, laifin hannun gem ne, ko talabijin, ko an yi masa asiri. Mu yi adalci: wani lokacin da gaskiya a ciki. Talabijin da yawa suna sarrafa hoto kafin su nuna shi, su ƙara jinkirin firem uku ko huɗu ko fiye, sai an shiga saitinsu an kunna yanayin da aka tanada don gem. Wasan intanet ma haka: saƙon da ya ɗauki kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa a hanya ya ci firem 6. Amma a lura, ko wannan ƙorafin ba ya tsayuwa sai da lissafin firem. Wanda ya iya lissafin zai nuna wa mai gidan gem abin da za a gyara. Wanda bai iya ba sai dai ya jefar da hannun gem a yi rigima.

Akwai masu cewa lissafi ba ya faɗa, zuciya ke faɗa. Sun faɗi rabin gaskiya. Duka na iya barin mutum da bashin 12 amma ya tura abokin karawa nesa har ramuwar ba ta kai ba, don haka tazara ma ilimi ce mai zaman kanta. Akwai kuma karantar halin mutum, wane ne mai gaggawa, wane ne matsoraci, wane ne ke maimaita abu ɗaya idan ransa ya kusa ƙarewa. Lambobi ba sa koyar da wannan. Abin da suke yi shi ne su raba maka wuraren da babu zaɓi da wuraren da ake zaɓi, don kada ka ɓata jarumtarka inda injin ya riga ya yanke hukunci.

Wannan ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. A duba dambe. Ɗan dambe yana naɗe hannu ɗaya da zare, ya miƙa ɗayan a buɗe yana kariya yana auna tazara. Baƙo yakan gaji da kallo, ya ga ƙarti biyu sun sunkuya suna zagaya juna kamar ba za a yi komai ba. Masu abin sun san dalili: hannun da aka naɗe yana da nauyi, idan ya tafi ya kuskure yana daɗewa bai dawo ba, kuma a wannan taƙin ake kisa. Su Shago da Ɗandunawa ba su san kalmar firem ba, amma yunƙuri da sauka da janyewa a jikinsu suke. Nan kusa da mu ma, Bukom ta fitar da D.K. Poison da ya ci kambun duniya a 1975, ƙasar nan kuma ta ga Azumah Nelson ya doke Wilfredo Gómez ya karɓi nasa a 1984. Mutane ba su laƙaba wa Azumah sunan zaki ko giwa ya bi shi ba. Farfesa suka kira shi, saboda yadda yake nazarin abokin karawa ya koya masa darasi.

Wanda ke ganin sai mai kuɗi a Amurka ko Japan ke iya kaiwa wani matsayi a wasannin nan, ya nemi labarin Arslan Ash. Saurayi ne daga birnin Lahore na Pakistan, ya taso a ƙananan gidajen gem irin namu, a ƙasar da ɗauke wuta ba labari ba ne, kuma samun biza ga ɗan ƙasar wahala ce. A 2019 ya isa Fukuoka da ƙyar bayan doguwar wahalar tafiya, ya lashe gasar EVO ta Japan a Tekken 7. Cikin shekarar ya je Las Vegas ya doke Knee na Koriya ta Kudu, wanda ake ɗauka babu kamarsa, ya lashe babbar gasar, ya yi sujada a gaban jama'a. Da aka zaci shi kaɗai ne, sai ga 'yan garinsu suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, har a 2023 tawagar Pakistan ta doke ta Koriya a gasar ƙasashe da aka yi a Riyad. Haka MenaRD na Jamhuriyar Dominika, wanda ya ci Capcom Cup a 2017 yana ɗan shekara 18, ya karɓi dala 250,000, ya zuba wani kaso a gina 'yan wasan ƙasarsu. Abin da Lahore ta fi mu da shi ba inji ba ne. Suna da zaure inda idan an doke mutum ake zama a faɗa masa dalili.

Kada a ji wannan a ce muna yi wa yara alkawarin arziki. Masu cin abinci da wasan nan a duniya 'yan ƙalilan ne, kamar yadda dubban yara ke buga ƙwallo a lungunan Nima amma Mohammed Kudus ɗaya ne. Yaron da ya bar karatu don gem ya yi wauta, ko ya haddace firem ɗin duniya. Abin da muke nema ya fi wannan kusa: tunda yaran suna wurin, kuma suna wurin ko mun so ko mun ƙi, to su fito da wani abu a kansu.

A nan muke juyowa ga iyayenmu da malamanmu, cikin girmamawa. Tsoronku yana da tushe. Kun ga yadda shagunan cacar ƙwallo suka cika gari, har gwamnati ta sa harajin kashi 10 cikin ɗari a kan abin da aka ci a 2023, ta soke shi a 2025, cacar kuwa tana nan, ta ma koma cikin waya. Kun ga yadda kalmar sakawa, kalmar bakinmu, ta zama tambarin da ake manna wa samarin Zango. Kun san akwai gidajen gem da ake ɗora kuɗi a kan wasa, a yi ta bugawa ana kiran salla. Waɗannan duka abin ƙi ne, kuma muna tare da ku a kansu. Mortal Kombat ma, da irin yankan da ke cikinsa, ba na ƙananan yara ba ne, kamfanin da kansa ya rubuta haka a jikin kwalin.

Inda muka rabu da ku shi ne magani. Idan kuka ce gem da caca duk ɗaya ne, kun taimaki mai gidan caca, domin kun koya wa yaro cewa babu bambanci tsakanin abin da ake samu da ƙoƙari da abin da ake jira daga sa'a. Caca tana rayuwa ne a kan mutumin da ya yarda cewa gobe ranarsa ce. Yaron da ya zauna ya gano cewa an doke shi ne don ya danna a kan bashin 6, ya gyara, ya dawo ya ci, ya koyi cewa sakamako yana da sanadi, kuma ana iya gano sanadin. Irin wannan yaron ya fi wuyar yaudara ga mai takardar caca. Ya kuma yi aiki da lambobin da ke ƙasa da sifiri da hannunsa, waɗanda malamin lissafi ke fama ya cusa masa kafin jarrabawar BECE. Ku da kanku kuna zama a inuwa kuna buga dara da dame, kuma ba ku taɓa yarda wani ya ce muku sa'a ce ke ci ba.

Masu gidajen gem, ku ma da sauran magana a kanku. Ribarku tana cikin yawan wasannin da aka buga, shi ya sa ba ku son ganin yaro ya shiga filin atisaye shi kaɗai yana maimaita duka ɗaya. Wannan gajeren tunani ne. Gidan da ya fitar da gwanaye shi ake tahowa daga Madina da Ashaiman a nema. Ku ware sa'a ɗaya a mako ta koyo a farashi mai sauƙi. Ku gyara saitin talabijin. Ku hana ɗora kuɗi, ku kashe inji lokacin salla, ku kori mai kayan makaranta a lokacin makaranta. In kun yi haka, kun ba iyaye dalilin sassautawa. In kun ƙi, kada ku yi kuka ranar da masu unguwa suka taru a kanku.

Uzurin cewa ilimin a ɓoye yake ya ƙare. Gaskiya ne a da sai an bi allunan Turanci a intanet, har kamfanin Tekken 7 ya sayar da lissafin firem da kuɗi a ƙarshen 2019, aka yi ta yi masa tsiya. Amma Tekken 8 da ya fito a 2024 ya sa shi kyauta a filin atisaye. Mortal Kombat 11 yana rubuta lambobin kowane duka a jerin dukan jarumi. Street Fighter 6 kuwa ya zana abin da launi a ƙasan allo: kore yunƙuri, ja sauka, shuɗi janyewa. Wanda bai iya karanta Turanci ba ma yana iya ƙirga 'yan akwatuna.

Ga hanya, ga mai son farawa. Ka zaɓi jarumi ɗaya ka zauna a kansa, ka daina tsalle daga wannan zuwa wancan. Ka san dukanka mafi sauri da adadin firem ɗinsa. Ka san guda biyu ko uku da za ka iya kaiwa ba tare da bashi mai haɗari ba. Sannan ka tuna dukan da aka fi cutarka da shi a makon jiya, ka sa injin ya riƙa kai maka shi, ka tare, ka duba bashinsa, ka nemo ramuwar da ta dace, ka maimaita har yatsa ya riƙe ba sai ka yi tunani ba. Duka ɗaya a mako ya isa. A shekara ka tara hamsin, kuma babu wanda zai sake cin ka da abin da bai kamata ya ci ka da shi ba. Haddace allo gaba ɗaya a dare ɗaya aikin banza ne, ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na ƙarshe ya shafi harshe. Mu tsiraru ne a Accra, yaranmu suna juya Twi da Ga da Turanci da broka a yini ɗaya, Hausa kuma tana komawa harshen gaisuwa da cinikin kasuwa da faɗan iyaye. Harshe yana mutuwa ne a ranar da aka daina tunani mai wuya da shi. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya rubuta al'amuran zamaninsa da Hausa, har da zuwan Turawa, bai jira wani ya ba shi izini ba. Mun kawo yunƙuri da sauka da janyewa, mun kawo riba da bashi da ramuwa. In akwai wanda ke da waɗanda suka fi su, ya kawo, a gwada su a bakin yara a ga wanda zai zauna. Ranar da muka ji yaro a lungun Malam Atta ya ce wa abokinsa kada ka danna, ana bin ka bashin goma, mun san an ci riba biyu.

Allah ya shirya mana zuriya, ya raba su da caca da zaman banza, ya ba su ilimi mai amfani.